Littafi a Gefen Murhu

Malaman zaure na ƙasar Haɗeja, kamar 'yan'uwansu na Kano da Katsina da Zazzau, sun daɗe da rarrabe abubuwa biyu waɗanda mu 'yan boko muka cakuɗa wuri guda, watau karatu da muɗala'a. Karatu a wurinsu shi ne wanda ɗalibi ke durƙusawa gaban malami da littafinsa a buɗe, ya ja baƙi, malam ya fassara, ya biya, a gyara masa, har ranar da za a ce ya sauke. Muɗala'a kuwa ita ce duban da mutum ke yi wa littafi shi kaɗai bayan an tashi daga darasi, ba mai tsare shi, ba mai tambayarsa, sai dai son abin da ke ciki ya riƙa jan sa daga wannan shafi zuwa wancan. Dukkansu biyu suna da daraja a idon malamai, har akan yabi ɗalibi da cewa mai yawan muɗala'a ne. Amma fa da sharaɗin littafin da ke hannunsa ya kasance na fiƙihu ko nahawu ko tauhidi, domin idan aka leƙa aka tarar hikaya ce ko labarin soyayya, nan take sunan yakan canza, a ce karance-karance yake yi, kuma duk wanda ya sha Hausa a nono ya san irin rainin da ke ƙunshe cikin wannan ninkin.

Irin wannan rabo yana nan a madafa, ko da yake ba a cika lura da shi ba. Girki a gidan Bahaushe haƙƙi ne kuma wajibi, har ya zama da shi ake ƙidayar kwana tsakanin matan mutum ɗaya, a ce yau girkin wance ne, jibi za ta fita; tuwo ne da miya, rani da damina, kuma ba a saba gode wa mace don ta tuƙa tuwo ba, tun da abin da aka sa rai ke nan. Amma ranar da ta ga dama ta jiƙa shinkafa domin sinasir, alhali ba salla ba suna, ko ta kwaɓa alkama ta jarraba wani abu da ta ji labarinsa ba ta taɓa ganinsa ba, sai a ce abin marmari ta yi, ko kuwa kwalama ce ta motsa mata. Wannan yanki na rayuwa, wanda harshenmu ya ajiye a bayan ƙofa ya kira shi da sunayen wasa, shi nake so mu zauna mu duba da idon basira. Gama na daɗe ina lura cewa a garuruwanmu na fadama, hannun da ke riƙe da littafin hikaya da hannun da ke jarraba sabon girki galibi hannu ɗaya ne, kuma a ganina haɗuwar tasu tana da dalili.

Wanda bai san Kirikasamma ba, ɗaya daga cikin garuruwan nan namu na fadama, sai ya fara sanin ruwanta. Kogin Haɗeja, bayan ya baro ƙasar Kano ya ratsa ta gefen birnin Haɗeja ya nufi gabas, ba ya ci gaba da tafiya a hanya ɗaya. Rarrabuwa yake yi reshe-reshe, wani ya bi ta Marma ya zuba a tafkin Nguru, wani ya bi tsohuwar hanyarsa, sa'an nan idan damina ta yi tsakiya, wajen Agusta da Satumba, dukkansu su cika su batse su malale bisa ƙasa mai shimfiɗe, har a rasa gane inda kogi ya tsaya da inda gona ta fara. A wannan lokaci ƙauyuka da yawa sukan koma tsibirai, kwalekwale ya maye gurbin babur, maza su duƙufa ga shinkafa da kamun kifi, dajin Baturiya, wanda aka shigar cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a 2008, ya cika da ruwa yana jiran tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da sanyi. Mata kuwa, waɗanda dama zamansu a cikin gida yake, sai zaman ya ninka: biki ya yi wuyar zuwa, kasuwa ta yi nisa, yini ya yi tsawo tsakanin azahar da la'asar. A cikin irin wannan yini ne littafi ke samun matsayin da mutumin birni, mai abubuwan ɗebe kewa barkatai, ba zai taɓa ba shi ba.

Sai dai littafin bai iso hannun matan nan da wuri ba, kuma hanyar da ya biyo ta cancanci a tuna ta. A 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya nemi malamai su ƙaga labarai da Hausar boko, daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, kana Magana Jari Ce ta biyo baya daga 1937. Amma waɗannan duka littattafan 'yan makaranta ne, 'yan makarantar kuwa a wancan zamani maza ne, mazan ma 'yan ƙalilan. Sai da aka buɗe shirin ilimin firamare na kowa da kowa a 1976, aka kuma kafa Hukumar Yaƙi da Jahilci ta Jihar Kano a 1980, a lokacin da ƙasar Haɗeja ke cikin Jihar Kano tun kafin a yanke Jigawa a 1991, sa'an nan aka sami taron 'yan mata da matan aure waɗanda suka iya haɗa baƙi, amma ba su da abin da za su haɗa shi a kai. Da yawansu an cire su daga makaranta an yi musu aure da ɗan abin da suka samu. Kuma da ba don abin da ya biyo baya ba, da wannan ɗan abin ya zube cikin shekara biyu ko uku, domin karatun da ba a taɓa shi ba ya zama.

Abin da ya biyo bayan shi ne ambaliyar littattafan da masana suka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano. Hafsatu Abdulwahid ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, kana Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya rubuta In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe?. Ƙananan littattafai ne masu araha, ana buga su kashi-kashi, 'yan kasuwa su saro daga Kano su kawo Haɗeja, daga nan su watsu cikin ƙauyuka a hannun dillaliya da ƙanwar miji da yarinya mai talla, littafi ɗaya ya zaga unguwa har bangonsa ya cire a ɗinke shi da zare. Ina da yaƙinin cewa waɗannan littattafai, da dukan aibin da ake ɗora musu, sun tsare wa matan karkara karatunsu fiye da yadda kowace hukuma ta tsare, gama ita hukuma aji take buɗewa na 'yan watanni ta rufe, shi kuwa son a ji yadda labari zai ƙare ba ya barin mutum ya ajiye littafi sai ya kai shafin ƙarshe, ko da kuwa yana tuntuɓe a kan kowace kalma.

To, a cikin waɗannan littattafai akwai abinci, kuma da yawa. Marubuta mata musamman ba sa barin tauraruwarsu ta shiga madafa ta fito haka nan. Sai sun bi ta daki-daki, abin da ta yanka, abin da ta soya, abin da ta turara, kwanon da ta zuba a ciki, yadda maigida ya buɗe ya yi shiru. Littattafan Bilkisu Funtuwa sun yi suna wajen nuna mace mai ilimi wadda ta iya ado da girki da tattalin miji. Balaraba Ramat kuwa ta kalli tukunya ta wata fuska mai ɗaci: Rabi ta cikin Alhaki Kuykuyo Ne, wadda mijinta ya ƙuntata mata a cefane kana ya kore ta da 'ya'yanta, da sayar da abinci ta riƙe su, har girkin da aka raina a gidan aure ya zama shi ne rufin asirinta a waje. Mace a garuruwanmu irin su Turabu ko Madaci da ke karanta irin wannan, tana karɓar abu biyu a lokaci guda, labarin wata mace irinta da labarin wata tukunya da ba irin tata ba. Kuma ɗabi'ar ɗan Adam ce idan aka siffanta masa abu da kyau ya so ya gan shi da idonsa.

Allah kuma cikin hikimarsa ya sa kayan jarrabawar suka zo a kusan lokaci guda da littattafan. A farkon 1987 gwamnatin soja ta hana shigo da alkama daga waje, farashinta ya tashi, manoman fadamar Haɗeja, waɗanda ƙananan injunan ban ruwa suka fara shiga hannunsu a cikin waɗannan shekaru, suka faɗa noman rani gadan-gadan; alkama ta yawaita, tare da ita tattasai da attarugu da albasa da tumatir. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, tun da da ita kakanninmu suke yin alkaki da funkaso da dashishi, amma a da cimar gidan sarauta ce da ta ranar biki. Da ta zamo abin da maigida ke nomawa a bayan gari, sai mace ta sami damar ɗiban kwano guda ta yi gwaji ba tare da an ce ta yi ɓarna ba. Yau kuwa hanyoyin sun ƙara yawa: ana karanta littattafan a gidajen rediyo, ana tura su ta WhatsApp, ana sauraronsu a waya daga bakin masu karantawa, tashar Arewa24 tana nuna Akushi da Rufi, har wadda ba ta taɓa shiga aji ba tana da rabonta.

Na taɓa halartar wani gwaji irin wannan a gidan wani ɗan'uwana, kuma ban manta da shi ba. Amaryar ɗansa ta karanta a wani littafi cewa wata yarinya ta gasa wa maigidanta kek, ta kuma sami bayanin yadda ake haɗa shi. Amma bayanin na gidan da ke da tanda mai aiki da lantarki ne da ma'auni da agogo, ita kuwa abin da ke gabanta murhu ne mai duwatsu uku. Sai ta ɗebo yashin bakin kogi ta zuba a tsohuwar tukunya, ta ɗora a wuta har ya yi zafi, ta zuba kwaɓin a gwangwanayen madara da ta shafa wa mai, ta jera su bisa yashin, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfin. Uwar mijin tana zaune a tabarma tana kallo, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan kuma wace irin waina ce ake binne ta da rai?" Amaryar ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, a littafi na gani." Tsohuwar ta ce, "To, rage wutar ƙasa, in ba haka ba gindinsa zai ƙone cikinsa bai nuna ba. Haka gurasa take yi." Ba ta taɓa ganin kek ba, amma ta san wuta, kuma maganarta ce ta fitar da gwajin, da aka sauke, ita aka fara miƙa wa, ta gutsura ta tauna a hankali, ta sa albarka, sa'an nan ta ce gobe a karanta mata labarin yarinyar daga farko.

Abin da ya gudana a tsakar gidan nan, in da malamin usulu ya gan shi, da ya gane shi nan da nan, domin ƙiyasi ne tsantsa: ga nassi ya zo da hukuncin wani abu, ga sabon hali da nassin bai ambata ba, sai a nemi illar da ta haɗa su. Illar tanda ita ce zafi mai kewaye abu ta kowace fuska ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba; duk inda aka sami wannan, an sami tanda, ko da yashi ne da garwashi. Haka mace ke yi idan bayani ya ce man shanu na kanti ta sa na Fulani, ya ce kifin teku ta sa tarwaɗa, ya ce a ajiye a firiji ta nemi gindin randa. Kuma haka mai karatu na ƙwarai ke yi da labari: an ba ta gidan bene a Nasarawa ta Kano da motoci da masu aiki, abubuwan da ba ta da su, sai ta tuɓe musu wannan tufa ta nemo abin da ke ƙasa, watau kishi da haƙuri da zalunci da amana, waɗanda ta san su sarai a ɗakin da ke kallon nata. Wadda ta ƙware a ɗayan aikin ba ta shan wahalar ɗayan.

Sufaye suna da kalmar da ta fi kowace dacewa da wannan baiwa, ita ce zauƙi, wanda asalinsa ɗanɗano ne na harshe, kana suka ɗauke shi suka sanya wa sanin da ba ya samuwa ta hanyar ji ko karantawa sai ta hanyar shiga cikin abu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana a cikin Munƙizu minal Dalali cewa akwai rata mai nisa tsakanin wanda ya san ma'anar lafiya da ƙoshi da sabubbansu, da wanda shi kansa lafiyayye ne ƙosasshe. Ba ina nufin in daidaita tukunya da halwa ba, Allah ya tsare. Abin da nake nufi shi ne manyan malamai da kansu sun yarda akwai wani nau'in ilimi wanda ƙofarsa ɗanɗano ce, kuma da suka tashi ba shi suna, a baki suka samo shi. Bayanin girki da ke rubuce lafazi ne kurum. Yana iya cewa cokali biyu na gishiri, amma ba zai iya cewa daddawar bana ta fi ta bara ƙarfi ba, ko wannan kifin bandar ya riga ya sha gishiri. Shi ya sa tsofaffinmu, idan aka tambaye su awo, sai su ce daidai misali, kuma ba rowar sani suke yi ba; iyakar abin da baki zai iya faɗa ke nan, sauran sai harshe ya taɓa.

Bahaushe ma, ba tare da ya karanta Gazali ba, da ma'aunin madafa yake auna magana. Mai ba da labari idan ya wuce gona da iri sai a ce ya cika gishiri, idan ya gaza a ce zancen lami ne. Akwai zaƙin baki, akwai magana mai ɗaci, akwai ɗanyen hukunci, ana kuma horon yaro ya tauna magana kafin ya furta ta. Amma babu wadda ta kai santi a wurina. Santi shi ne maganar da ke kuɓuce wa mutum yana tsakiyar cin abu mai daɗi, ya yabi abin da ba a tambaye shi ba, ko ya yi alkawarin da ba zai iya cikawa ba, jama'a su fashe da dariya su ce a riƙe shi kada ya faɗi. Muna yi wa mai santi dariya, amma kowace mai girki ta san babu yabon da ya kai shi gaskiya, domin shi kaɗai ne yabon da ba a shirya ba. Mai karatun hikaya ma tana da nata santin: za ka ji mace ita kaɗai a ɗaki tana cewa, "Kai, amma wannan mutum azzalumi ne!" ko "Kada ki yarda, baiwar Allah!", tana yi wa mutanen takarda magana kamar suna jin ta. Marubucin da ya jawo wannan daga bakin mai karatu ya kai ga abin da malaman balaga suka cika littattafai suna siffantawa.

Ban jahilci abin da masu suka ke faɗa ba, kuma ba na raina su, domin da yawansu kishin tarbiyya ne ya motsa su. Suna kafa hujja da ayar Suratu Luƙman da ta zargi mai sayen lahawul hadisi, suna cewa littattafan suna cinye lokacin ibada da na aiki, suna koya wa 'yan mata rashin kunya da dogon buri. Har ta kai a 2007 an ƙona wasu daga cikinsu a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Lalle a cikin tarin akwai na banza, waɗanda ba su cancanci takardar da aka ɓata a kansu ba. Amma ayar ta ƙayyade zargin da wanda ke yin haka domin ya ɓatar daga tafarkin Allah, kuma hukunta jinsi gaba ɗaya da laifin wasu ɗaiɗaiku ba hanyar malamai ba ce. Ga hadisin Ummu Zar'in nan a Buhari da Muslim, inda Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta zauna tana ba Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, labarin mata goma sha ɗaya da suka yi alkawarin ba za su ɓoye kome na halin mazansu ba. Wata ta yaba, wata ta kushe, kuma da yawa daga siffofin da suka kawo na nama ne da nono da yanayin ci da sha. Ya saurara har ƙarshe, kana ya amsa mata da magana mai sanyaya zuciya. Tirmizi ya kawo shi a Shama'il cikin babin hirar dare, Alƙali Iyal kuwa, mai Ashafa da muke karantawa a masallatanmu da azumi, ya keɓe masa littafi sukutum na sharhi. Haka nan Muƙamatu Hariri, wadda ba a kiran mutum ya ƙoshi da lugga a zaurukanmu sai ya sauke ta, ƙagaggen labari ce daga farko har ƙarshe, na wani dattijo mai dabara da ke yawo gari-gari yana farautar abinci da kyauta da fasahar bakinsa.

Idan akwai aibin da ya dame ni a littattafan nan, wani ne daban da wanda ake yawan faɗa, kuma a madafa na fi ganin alamarsa. Mafi yawansu a birni suke zaune, birnin ma unguwar masu hali. Abincin da ake yi wa dogon bayani cikin sha'awa shi ne mai sunan waje, wanda kayansa sai kanti, tuwon dawa da miyar kuka kuwa ba sa fitowa sai an tashi nuna talauci ko ƙauyanci, a gidan kakar da za a je a raina. Yarinyar da ta tashi a kan wannan, a hankali sai ta fara jin kunyar tukunyar uwarta, ta ɗauka wayewa ita ce yawan mai da yawan dunƙulen ɗanɗano na kanti, har miyar kowane gida ta koma baki ɗaya, ta matsa wa miji da cefanen da ya fi ƙarfinsa, abin ya tashi daga marmari ya shiga israfi. An ruwaito cewa Manzon Allah bai taɓa aibata abinci ba, in ya so ya ci, in bai so ba ya bari. Marubucin da ke koya wa masu karatunsa aibata abincin iyayensu ya kauce wa wannan ladabi, ko da bai nufa ba.

Alhali kuwa abin da ke cikin tukwanen fadamar nan ya isa a rubuta shi da alfahari. Ƙasa ce da Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani suka daɗe suna cuɗanya, kowa ya zuba nasa a akushin ɗan'uwansa: ga burabusko da miyar kifi, ga dambu da zogale, ga tuwon shinkafar fadama, ga tarwaɗa da karfasa da kurungu da gaiwa, kowanne da yadda ake gyara shi, wanda ake banda da wanda ake shanyawa da wanda ba ya son jira, ga daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa, ga goruba, ga bado, wanda baƙo ke gani fure ne kawai a kan ruwa, amma tsofaffin mata sun san yadda ake tsinko 'ya'yansa a shanya a sussuke a dafa, sun kuma san shekarun da shi ya tsayar da rai a gidaje da yawa. Wannan ilimi duka a ƙirji yake, kuma ƙasar da ta haife shi tana canzawa a gaban idonmu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa da tafiya bisa tsohuwar al'adarsa. Wasu hanyoyin suka ƙafe, wasu suka daina bushewa, ciyawar kacalla ta toshe su ta zama mafakar jan-baki mai cinye shinkafa, ambaliya irin ta 2022 kuma ta tashi garuruwa. Idan wani kifi ya yi ƙaranci, miyarsa takan bi shi, sunan miyar ya daɗe kaɗan a bakin tsofaffi, sa'an nan shi ma ya tafi.

Larabawa sun rubuta girkinsu tun ƙarni na goma, lokacin da Ibnu Sayyar Alwarraƙ ya tara littafin dafe-dafen Bagadaza, shi ya sa har yau ana iya sanin abin da aka ci a fadar Abbasiyawa. Mu kuwa jikar da aka haifa a Marma tana iya faɗa maka yadda ake haɗa abincin Lebanon daga wayarta, amma ba lalle ta san yadda kakarta ke sarrafa bado ba. Kuma laifin ba nata ba ne, tun da abin da aka rubuta shi ta samu.

Saboda haka kirana ga 'yan'uwa mata na Kirikasamma da Guri da Birniwa da Auyo da Kafin Hausa da cikin birnin Haɗeja, waɗanda suka shekara suna karanta labaran wasu, shi ne su fara rubuta nasu. Ƙofa a buɗe take: tun 2016 sashen Hausa na BBC ke gudanar da gasar Hikayata domin mata zalla, kuma wayar da ake karɓar labari da ita, da ita ake aika shi. Ku sa tauraruwarku a gidan da ruwa ya kewaye, ku bar ta ta gyara kifin da mijinta ya kamo da asuba, ku bi hannunta daki-daki da irin sha'awar da marubutan Kano ke bin nasu, ku kira kowane ganye da kowane kifi da sunan da ake kiran sa a garinku. Wadda kuma ba ta da niyyar ƙaga labari, ta sayi littafin rubutu ko da na 'yan firamare ne, ta zauna gaban Inna ko Goggo ko Iya tun suna da rai da lafiya, ta tambaye su yadda ake yi, ta rubuta, sa'an nan ta tashi ta ɗora tukunya a gabansu domin su ɗanɗana su gyara mata.